Jakin da Ya Koya Mini Maganin Gwazarma

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida, sai mijin 'yata ta fari ya tsayar da motonsa, wato babur, a gabana. Ya gaishe ni yana tsaye, ya zauna a kan tabarmata har kafaɗarsa na gogar tawa, ya zaro waya daga aljihu, ya shafa ta da yatsa, ya kawo mini ita dab da hanci. "Baba, dubi abin da ke cinye mini shu. Mene ne maganinsa?" Na ja kai baya na duba. Hoton wata ƙatuwar tsutsa ce fara sol, mai jan kai, ta lanƙwashe a tafin hannunsa tana ƙyalli don ƙiba. Gwazarma ce. Na san ta, ta san ni, mun taɓa karawa da ita tun gashin kaina yana baƙi. Mutumin nan ba shi da laifi. Ya daɗe yana cirani a Kano, bana gwiwa ta ce masa ya zauna gida, shi ne na yanka masa gefen garkata, wato lambuna, ya gwada sa'arsa da noman shu, kabeji ke nan. Amma na buɗe baki in ba shi amsa, amsar ta ƙi fitowa. Na ce ya same ni a garka washegari da safe, ya tada motonsa ya tafi.

Bayan tafiyarsa na daɗe ina dariya ni kaɗai, har uwargidana ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Ba tsutsar ce ta ba ni dariya ba, zaman da muka yi ne kafaɗa da kafaɗa. A lokacin ƙuruciyarmu uban matarka ba abokin zamanka ba ne. In ka hango shi tafe a hanya, kai ne za ka ratse, ko da cikin ƙarangiya ne, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi idonka a ƙasa. Shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri, ya wuce da sauri kamar ana binsa. Ba ka cin abinci inda yake, ba ka shan ruwa a gabansa, ba ka ambaton sunansa ko da wani ne mai irin sunan. In kuwa 'yar fari ka aura, to abin ya ninka, domin ita ma uban ba ya kiran sunanta, ba ya zaman hira da ita. Ni 'yar fari na aura. Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su ɗauka gaba ce muke yi da surukanmu. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, kuma mun ji daɗinta, sai dai wani lokaci takan matse mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Gidanmu manoman gero ne, ba mu da garka, ba mu gaji aikinta ba. Da an ɗaure damma an cika rumbu, maza sai su kama hanyar Ɗan Barto su ƙetare iyaka, wani dako, wani yankan farce, ni kuwa ga-ruwa nake yi a Kano. Garin ya zama na mata da tsofaffi har sai hadari ya fara haɗuwa. A haifi yaro, a raɗa masa suna, ya fara zama, uban bai sani ba sai wani matafiyi ya kai masa labari. Ni kaina an ce sai da na fara rarrafe ubana ya fara ganina, kuma wai da ya miƙo hannu na tsala ihu na gudu bayan uwata. Ana ba da wannan labari a gidanmu ana dariya, ni kuwa bai taɓa ba ni dariya ba. Shekarar da matata ta samu cikin fari, lissafin mata ya nuna haihuwar za ta zo a ƙarshen sanyi, daidai lokacin da nakan kasance ina jan garwa a titunan mutane. Na ƙudurta a raina ba zan tafi ba. Sai dai geronmu na wannan shekara ba zai kai mu damina ba, kowa ya sani. Ko in tafi, ko in sami abin da zai ciyar da mu a gida.

Ban gaya wa kowa damuwata ba, amma a Matameye ba sai ka faɗi abu ake jinsa ba. Wata rana ƙanen surukina ya zo mini da saƙo. Tsohon, wato surukin nawa, ya ce akwai fangali takwas a gefen garkarsa, da rijiyar da za mu riƙa ja tare, da irin shu da ya riga ya tsiro, wato abin da mutanen ƙetaren iyaka ke kira kabeji. In gwada rani ɗaya. In garkar ta ciyar da ni, in ci gaba da riƙe ta. In ba ta ciyar da ni ba, in bi 'yan'uwana cirani, a ba wani ɗan'uwansu da ya daɗe yana roƙonta. Na yi godiya ta bakin ɗan saƙo, kamar yadda aka saba.

Wanda bai ga lambunan wancan zamani ba, ba zai gane abin da nake kewa ba. Tun kafin rana ta fito za ka ji jigo na kuka daga kowace kusurwa, kowane da irin muryarsa, har kana iya gane wanda ya makara. Ka ji guga ta faɗa rijiya, ka ji ruwa na bin 'yar magudana yana shiga fangali, ka ji ana buɗe wannan da fartanya ana toshe wancan. Kurciyoyi na kuka a kan tsamiya, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na albasa na haɗuwa, can cikin rake wani na rera waƙar da ba shi da muryarta. Da hantsi mata su kawo fura, a zauna a inuwa a sha, a taɓa tsegumi. Mutum na iya yin magana a garkarsa a hankali, na garka ta uku ya ji shi sarai. Yau injin ban ruwa ya cinye duk wannan. Yana da sauƙi, ban musa ba, ni ma na saya, bayana ya huta. Amma in ya tashi, mutum biyu a fangali ɗaya sai sun yi wa juna ihu, kuma kurciyoyin ban san inda suka koma ba.

Na shiga aikin nan da girman kai, gaskiya ɗaya ce. Ni da nake ɗaukar garwa biyu tun safe har yamma, me ban ruwan fangali takwas zai yi mini? Ina satar kallon tsohon ta gefen ido, sai na ga abubuwan da na ɗauka lalaci ne na tsufa. In ya kawo taki a mangala, ba ya zuba shi a fangali. Sai ya baza shi a fili, ya bar rana ta yi ta dukansa kwana da kwanaki, yana juya shi da fartanya. Kullum kuma yana zuwa da kajin matarsa a kwando bisa baƙin jakinsa da ake kira Duna, ya sake su su yi ta watsa takin nan da ƙafa. Na ce a raina, wannan ai ɓarna ce, an bar rana da kaji sun cinye ƙarfin taki. Ni kuwa na je jujin gidanmu, na tono na can ƙasa, baƙi, mai danshi, mai ɗumi. Ina tono ina ganin fararen tsutsotsi a ciki, sai murna ta kama ni, wai alamar taki mai kyau ke nan, tunda har ya ƙosar da su haka. Na kwaso shi da su da komai, na binne a fangalina, na dasa shu a kai.

Kajin surukata suka gane akwai daɗi a ɓangarena, suka fara ƙetarowa. Na kore su, suka dawo. Na jefe su da hoge, na samu wani jan zakara a ƙafa, ya tafi yana ɗingishi, ni kuma na duƙa ina cire ciyawar da babu ita don kada mu haɗa ido da tsohon. Washegari na kawo kara da ƙaya na yi darnin da ko ƙadangare sai ya yi dabara zai shiga. Balbelu ma na ga suna sauka, sai na kafa mutum-mutumi na sa masa tsohuwar rigata ta cirani. Na tsaya na dubi aikina na ji daɗi. Ashe abin da na yi shi ne na gina wa gwazarma gida, na zuba mata abinci, na sa mata mai gadi.

Sati biyu shu na tashi gwanin sha'awa, sannan ya fara yaushi. Da safe ka gan shi tsaye, rana na yin tsaka sai ganye ya kwanta. Na ce ƙishirwa ce. Na ninka ban ruwa, safe da yamma har da azahar, ina jan jigo har hannuna ya yi bororo ya fashe. Abin sai gaba yake yi. Ran nan na kama wani da ya mutu don in cire shi, sai ya taho hannuna ba tare da na ja ba, babu saiwa ko ɗaya, an gwaguye ta tas. Na sa yatsa na tona wurin. Ga su nan kwance, uku a gindi ɗaya, sun ninka girman da na kawo su da shi. Na mayar da ƙasa na rufe da sauri, na waiwaya ko wani ya gani. A tasha wani direba, wanda bai taɓa dasa ko barkono ba, ya rantse mini kananzir ne maganinsu. Na zuba wa fangali guda. Gwazarmar dai ban san abin da ya same ta ba, amma shu ɗin ya ƙone ƙurmus, wurin ya kwana uku yana warin fitila. Cikin fangali takwas, huɗu sun tafi, sauran huɗun na kan hanya.

Wanda ya fi kowa sanin maganin abin nan a duk faɗin fadamar yana nan taku ashirin daga inda nake, kuma ba ni da bakin tambayarsa. In na tambayi wasu masu garka, kafin la'asar labari ya kai kunnen ɗan'uwan nan mai jiran gado. Na ce wa matata ko za ta je gida ta taɓa zancen. Ta dube ni ta ce, "Ni in je in tsaya gaban Baba in ce masa me? Tunda aka haife ni ka taɓa jin mun yi zance ya kai jimla uku?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kwana biyu bayan haka na dawo daga garka da azahar, na tarar da ita zaune da tsohon cikinta, jakar tafiyata a cinyarta, tana ɗinke igiyar da ta tsinke. Rukunin ƙarshe na 'yan cirani za su tashi a kasuwa ta biyu mai zuwa, kuma an riga an tambaye ni ko a riƙe mini wuri a mota. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ganin allurar nan tana shiga tana fita ba.

Washegari da safe na tarar da Duna ɗaure a gindin tsamiyar da ke kan iyakarmu, inda ba a taɓa ɗaure shi ba. Na gaida tsohon daga nesa, ya amsa wa sama, na kama jigo. Can sai na ji ya yi gyaran murya, ya dafa wuyan jakin, ya fara magana da ƙarfi fiye da yadda kunnen jaki ke bukata.

"Duna, ka ga shu in ya yi yaushi alhali ƙasa na jiƙe, ba ƙishirwa ba ce. Saiwa ce babu. Mai ƙara masa ruwa gwazarma yake shayarwa."

Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne tsufa ya taɓa bawan Allah. Na ci gaba da jan ruwa ina tausayinsa. Ya ci gaba da yi wa jakin bayani, yadda ake cire abin da ya mutu a daina yi masa kuka, a tone fangalin da zurfin kamu guda, a kifa ƙasar a bar ta a rana, a tsince tsutsar da hannu a zuba a ƙwarya. Ya ce wa Duna ruwa kaɗan-kaɗan daɗi yake mata, amma in aka cika fangali ruwa ya kwanta, sai ta taso sama neman iska, a nan ake sa yatsa a zagaya gindin kowane shu a kamo ta. Jakin na kaɗa kunne yana korar ƙuda. Sai da aka maimaita karatun nan kaf washegari, da ƙarin ƙarfi, sannan guga ta tsaya a hannuna. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na kuma ji wani sanyi a zuciya. Na ajiye guga na ɗauki fartanya.

Ranar na cika ƙwarya da gwazarma har ta yi tozo. Kashegari Duna ya samu sabon darasi. An gaya masa wai akwai wani maƙwabci da ya yi darni mai kyau ƙwarai, sai dai ya kewaye ɓarawo a ciki ya bar dogarai a waje. An ce masa kaza ba ta da hurumi a inda aka dasa, amma fangalin da aka tone nata ne, don haka darni ciki ake mayar da shi ya kare mai rai, a buɗe sauran. Aka kuma tambaye shi ko ya san mutumin nan mai tsohuwar riga da ke tsaye dare da rana yana korar balbela, don shi dai a ganinsa gara a sallame shi. Na tuge mutum-mutumin, na tsaga darni. Ban gama ba sai ga Duna ya shigo ta ƙofar da na buɗe, shi kaɗai, kwandon kaji a bayansa, mai shi kuwa ya ba mu baya yana duban albasarsa kamar bai san an yi ba. Na sauke kwandon na buɗe. Na farkon fitowa shi ne jan zakaran nan, yana ɗingishi. Ya dube ni da ido ɗaya, ya wuce ni, ya hau aiki. Kafin azahar balbelu sun sauka su ma, fari fat a kan baƙar ƙasa, ina kifa ƙasa suna bina a baya. Ban taɓa ganin ma'aikata masu son aikinsu irin waɗannan ba.

A kwana na huɗu Duna ya zo da ɗan buhu na busassun 'ya'yan dogon yaro, waɗanda tsohon ke tarawa a lokacinsu yana ajiyewa. An sanar da shi cewa dakawa ake yi, a gauraya da toka, a cusa a ƙasa kewaye da gindi, wani kuma a jiƙa shi ya kwana a shayar da saiwa da ruwan, ɗacin na hana tsutsa ci. Amma ba a faɗi yawan da ake zubawa ba. Na jira, ba a faɗa ba. Na zagaya, na dawo, na yi tari, shiru. Daga ƙarshe na tuɓe takalmina, na je na durƙusa gaban jaki, ni da gemuna da ya fara fitowa.

"Duna, don Allah ka yi haƙuri, kamar yaya ake zuba wa kowane gindi?"

Daga bayan darni sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga tsohon ba, kamar mai ƙoƙarin haɗiye dariya ta shaƙe shi. "Duna, tafi biyu. In ƙasar ta yi yashi da yawa a rage."

Daga ranar hanya ta buɗe. Na kai wa matata buhun, ta daka mini da murna, a turmin da take dakan tuwo. Kwana bakwai muna cin tuwo muna yamutsa fuska, fura ma ɗaci, kunu ɗaci. Da yake ta aika wa uwarta da kwano ɗaya tun ranar farko, washegari aka gaya wa Duna cewa masu hankali tsohon turmi suke nema wa dogon yaro. Duna ya ji abubuwa da yawa a ranin nan. Ya ji cewa uwar gwazarma ƙwaro ce mai tashi, wadda ke neman taki mai danshi ta zuba ƙwai, shi ya sa ake baza taki a rana kafin ya shiga fangali. Ya ji ana ajiye ɗan tsibin ɗanyen taki a kusurwa ana yayyafa masa ruwa, ya zama tarko, duk bayan 'yan kwanaki a juya shi a kira kaji. Ya ji ba a kashe kwaɗo ko bushiya a garka, don su ma abokan aiki ne. Akwai ranar da wani ya ari jakin zuwa Kantche. Wunin nan ina da tambaya tana cina, tsohon na da amsa tana cinsa, muka wuni muna yi wa juna tari ta bayan darni. Da aka dawo da Duna har dusa na saya masa.

Tambayar ita ce ta iri. Fangali huɗu sun zama fili, sanyi na shirin wucewa, ni kuwa ba ni da sauran abin dasawa. Aka yi wa Duna ƙorafi cewa bana tsufa ya sa an zuba iri fiye da ƙima, ga shi ya cunkushe, ba a san yadda za a yi da shi ba. Tsohon da ko ƙwayar gero ba ta faɗuwa a hannunsa bisa kuskure. Da yamma irin ya iso a mangala, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Na dasa a fangali uku, na bar mai kananzir ya huta, na zuba dakakken dogon yaro tafi biyu-biyu ina bismilla.

Ranar da mota za ta tashi, na fito na tarar da jakata a bakin ƙofar ɗaki, an ɗaure ta, da ƙullin garin gero a sama. Matata ba ta dube ni ba. Na ce mata zan leƙa garka tukuna. Tafiyar nan ta yi mini tsawo. Na shiga, na durƙusa gaban ɗaya daga cikin tsofaffin shu ɗin da suka yi jinya, na kama shi na ɗan ja. Ya ƙi tahowa. Na ƙara ƙarfi kaɗan, ya riƙe ƙasa gam. Na bi layi ina ja ɗaya bayan ɗaya kamar mahaukaci, duk sun riƙe, sababbin dashen ma sun miƙe da ganye. Na tona gindi biyar ban sami tsutsa ko ɗaya ba. Daga can tasha aka fara jin odar mota, ana kiran masu tafiya. Ina durƙushe da ƙasa a hannu, sai na ji muryar nan daga gindin tsamiya, wannan karon a hankali.

"Duna, bar ta ta yi ta ihunta. Mu muna da ban ruwa."

Na tashi na kama jigo. Da hantsi matata ta zo da fura da kanta, tana tafe tana hutawa. Ta dubi fangalin, ta dube ni, ta ce to ita sai ta je ta kwance garin nan kafin ya yi tsami.

Bayan 'yan kwanaki ina cikin garka aka zo aka gaya mini an sauka lafiya, an samu mace. Na bar guga a rijiya na ruga, kuma ni ne namijin da ya fara ɗaukarta. Ranar suna ina zaune a ƙofar gida ana shafa fatiha, da kunnena na ji sunan, ba a bakin matafiyi ba. Dambun da aka ci da shu ɗin garkata aka yi shi. Kafin in kai ko ɗaya kasuwa, na zaɓi manya guda shida na ɗora wa Duna, na durƙusa na ce masa ya kai wa ubangidansa, ya ce masa na gode, Allah ya saka da alheri. Aka amsa daga bayan darni cewa Duna ya gaya wa maƙwabci garka tasa ce, kuma ya gyara bakin magudanarsa, tana zubar da ruwa. Tun daga ranin nan ban sake ɗaukar garwa a garin kowa ba.

Shekaru masu yawa muka yi a haka. Duna ya tsufa ya mutu, aka sayo wani jaki, fari ne tas, amma shi ma Duna muka kira shi, don ba mu da lokacin koyon sabon suna. Ta bakinsa muka yi shawarar aurar da yara, muka yi gardamar farashin albasa, har faɗa mun taɓa yi, jakin na tsakiya yana cin harawa. Har tsohon ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba, ban taɓa gaya masa wata magana da ta wuce gaisuwa ba. Duk da haka ban yi hira da wani namiji a duniya kamar yadda na yi da shi ba, kuma na so shi kamar uban da ya haife ni.

Jiya da safe mijin 'yar nan tawa, wadda na ƙi tafiya don in ga haihuwarta, ya same ni a garka kamar yadda muka yi. Ya kafe motonsa a gindin tsamiyar nan. Ya zo da wata kwalbar maganin feshi da ya saya a kasuwa, rubutun jikinta ba wanda ya iya karantawa a cikinmu. Na kashe injin don mu ji juna. Ya tsuguna a gabana, ya zuba mini ido yana jira. Na dubi darninsa, ko ƙadangare ba zai shiga ba. Na dubi takinsa, baƙi, mai danshi. Na buɗe baki, wallahi maganar ta sake maƙalewa. Sai na juya na dafa sirdin moton.

"Kai moto, gaya wa ubangidanka ya ajiye kwalbar nan tukuna. Shu in ya yi yaushi alhali ƙasa na jiƙe, ba ƙishirwa ba ce."

Ya dube ni, ya dubi moton, ya sake dubana. Na san abin da ke ransa sarai, don ni ma na taɓa tunaninsa. Na ci gaba abina, na gaya wa moton zancen tono da rana, da kaji, da balbela, da 'ya'yan dogon yaro da toka. Ban faɗi yawan da ake zubawa ba. Na tsaya ina jira. Ni sai da na kwana biyu kafin in gane, shi kuwa ko rabin sa'a bai yi ba. Na ga ya sunkuyar da kai, ya zare takalmansa a hankali, ya matsa kusa da tayar gaba.

"Moto, don Allah tambayar mini Baba, kamar yaya ake zuba wa kowane gindi?"

Dariya ta taso mini tare da hawaye, na haɗiye su duka biyun da ƙyar. Na ce wa moton tafi biyu, kuma kada a daka a turmin tuwo.